Agogon Gudu da Ciwon Gwiwa: Nazarin Lamarin Wani Mai Sassarfa a Kaduna

A tsakiyar watan Janairun 2024, wata safiyar Asabar da hazon hunturu ya lulluɓe Dandalin Murtala har ba a iya hango ƙarshen filin, ɗaya daga cikin mutanen da muke fita sassarfa tare ya ja ni gefe bayan mun gama, ya miƙo mini tsintsiyar hannunsa, ya ce: "Koci, don Allah duba mini agogon nan. Kullum cewa yake yi ina ci baya, alhali tunda nake ban taɓa yin gudu irin na watan nan ba." Ni kuwa tun kafin ya yi magana abin da idona ya kama shi ne tafiyarsa, domin yana ɗan saurin ɗauke ƙafarsa ta dama daga ƙasa kamar mai taka ƙasa mai zafi. Da na tambaye shi labarin gwiwar, sai ya ce ai wannan ƙaramin abu ne, man zafi yake shafawa, agogon ne ya fi damunsa. Wannan amsa ce ta sa na ga ya dace in rubuta lamarinsa daga farko har ƙarshe, domin irinsa suna da yawa a garin nan, kuma tun bayan gasar gudun fanfalaki da aka yi a Kaduna a watan Nuwamban 2020 masu fita gudu da asuba sun ƙaru, masu ɗaura agogon gudu ma haka. Ya ba ni izini bisa sharaɗin kada in ambaci sunansa, saboda haka zan kira shi Malam, kamar yadda muke kiransa a fili. Ni ba likita ba ne, tsohon malamin motsa jiki ne a makarantar sakandare, kuma abin da ya shafi magani a labarin nan daga bakin masu shi ya fito.

Malam ma'aikacin ofis ne mai shekara 42, nauyinsa kilo 84 a lokacin, yana zaune a wajen Malali. Ya fara sassarfa ne a farkon 2023 bayan likita ya gaya masa cewa jininsa ya fara hawa, kuma gara ya tashi tsaye tun ba a kai ga shan magani ba. Wata tara ya yi yana fita sau uku a mako bayan sallar asuba, yana yin kimanin kilomita 20 gaba ɗaya a mako, a hankali, yana hira da abokan tafiya, kuma babu inda ya taɓa yi masa ciwo. Wannan kaɗai ya kai shi ga abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi da shi a ƙa'idojinta na 2020, wato minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani. Sai dai shawarar tana da rabi na biyu da galibin masu gudu suke tsallakewa, shi ne aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, kuma Malam bai taɓa yinsa ko sau ɗaya ba, domin a ganinsa ɗaga ƙarfe aikin samari ne masu son faɗin ƙirji.

A watan Nuwamban 2023 wani ƙaninsa ya kawo masa tsarabar agogon gudu, irin wanda yake auna nisa da tauraron ɗan'adam, yake ƙidaya bugun zuciya ta wuyan hannu, sa'an nan yake fitar da wata lamba da yake kira ma'aunin ƙarfin jiki. Makonni biyu na farko lambar ta tsaya a 44, ya ji daɗi. Da sanyin Disamba ya shigo sai ta fara sauka, 43, 41, har ta kai 39, agogon kuma yana rubuta masa cewa atisayensa ba ya haifar da amfani, yana kuma umartarsa da ya huta awa sittin ko saba'in bayan gudun da a jikinsa bai ji komai ba. Malam ya ɗauki rabin maganar agogon ya watsar da rabi: ya yarda cewa yana ci baya, amma bai yarda da hutun ba. Ya ƙara kwanakin fita daga uku zuwa shida, ya ƙara sauri, kuma da yake a zauren WhatsApp na ƙungiyarmu matasa suna tura hoton gudunsu kowace safiya, shi ma ya shiga sahu. Cikin mako biyar kilomitocinsa na mako suka tashi daga 20 zuwa 45.

Abin da muka gano game da agogon

Na fara da agogon ne duk da cewa gwiwar ta fi muhimmanci, saboda na fahimci cewa muddin bai ga kuskuren na'urar da idonsa ba, ba zai saurari komai game da jikinsa ba. Gani ya kori ji.

Ranar Talata muka haɗu da asuba, na aro masa ɗamarar ƙirji daga wani abokinmu, irin wadda take karanta bugun zuciya daga siginar lantarkin da zuciyar kanta take fitarwa, muka haɗa ta da wayata. Na ce ya bar agogonsa yadda ya saba ɗaura shi, sai na lura ya ɗaura shi sako-sako a kan ƙashin wuyan hannu, kamar agogon zuwa ofis, har yana iya zura yatsa biyu a ƙarƙashinsa. Muka tashi a hankali muna hira. Bayan minti takwas na ce ya karanta mini abin da agogon ya nuna, ya ce 159. Wayata tana nuna 141. Na ce ya matsa maɓalli ya duba adadin takunsa a minti ɗaya, ya duba, ya yi shiru, sa'an nan ya ce 158. Muka ƙara sauri kaɗan, bugun da agogon yake nunawa ya koma 163, takun ma 163, ita kuwa ɗamarar tana 149. Ya tsaya cak a gefen titi yana kallon hannunsa, ya ce: "Wato Koci, ƙafafuna yake ƙirgawa?"

Haka ne, ƙafafunsa yake ƙirgawa, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Agogon hannu ba ya jin zuciya kai tsaye. Wani koren haske yake haskawa cikin fata, ya auna yadda hasken da yake dawowa yake raguwa da ƙaruwa yayin da jini yake cika ƙananan jijiyoyi yana janyewa. Wannan sigina ce mai rauni, kuma da asubar hunturu jiki yakan tsuke jijiyoyin fata domin ya riƙe ɗumi, sai siginar ta ƙara yin rauni. Idan kuma agogon yana rawa a hannu, kowane taku yana girgiza shi da tsari ɗaya mai ƙarfi, sai na'urar ta saki bugun zuciya ta kama bugun ƙafa, tunda adadin biyun suna kusa da juna. Wannan matsala sananniya ce a agogunan da suke aiki da haske, ba ta wani kamfani ɗaya ba ce. Da muka matsar da agogon sama da ƙashin da faɗin yatsa biyu, muka ɗaure shi har ya daina motsi, ya kuma yi ɗumin jiki na minti goma da doguwar riga kafin ya fara, bambancin da ke tsakaninsa da ɗamarar ya dawo bugu uku zuwa biyar, wanda ya isa ga mai sassarfa.

Kuskure na biyu ya fi wannan zurfi, domin yana cikin lissafin da agogon yake ginawa a kai. Na'urar ba ta san iyakar bugun zuciyar Malam ba, sai ta yi amfani da tsohuwar ƙa'idar nan ta cire shekarun mutum daga 220, ta ba shi 178. Ƙa'idar matsakaicin jama'a take bayyanawa, kuma mutum ɗaya yana iya saɓa mata da bugu goma ko fiye, sama ko ƙasa, ba tare da wata cuta ba. Ko gyararriyar ƙa'idar da wani masani mai suna Tanaka da abokan aikinsa suka fitar a 2001, wato 208 a cire kashi bakwai cikin goma na shekaru, kusan 179 za ta ba shi. Daga baya, bayan gwiwar ta lafa kuma likitansa ya amince, muka gwada shi a wani ɗan tudu a unguwarsu da ɗamarar ƙirji, hawa uku masu tsanani, a na ƙarshe ya kai 191. To a duba abin da ya faru a watan Disamba: zuciyarsa tana bugun 141 daga cikin 191, wato kusan kashi 74 cikin ɗari, gudu mai sauƙi ke nan, amma agogon yana ganin 159 daga cikin 178, kusan kashi 90 cikin ɗari. A lissafin na'urar, ga mutum yana tafiya a hankali amma zuciyarsa ta kusa kaiwa maƙura, don haka dole ta yanke cewa ƙarfinsa ya ragu kuma yana bukatar dogon hutu. Lambar nan ta 44 ko 39 kuwa ƙiyasi ne na yawan iskar oksijin da jiki yake iya amfani da ita, abin da a ɗakin gwaji ake auna shi da abin rufe fuska da injin gudu, agogo kuma yake hasashensa daga saurin gudu da bugun zuciya. Idan bugun da aka ba shi na ƙarya ne, duk abin da ya haifa ƙarya ne. A nan ne na gaya masa abin da nake gaya wa kowa, cewa agogo shaida ne da ake sauraro a kuma bincika, amma hukunci ba a hannunsa yake ba.

Batun nisa bai ɗauke mu lokaci ba. Mun je filin wasa na Ahmadu Bello, ya zagaya layin ciki sau goma, wanda kilomita huɗu ne cif tunda kowane zagaye mita 400 ne. A karo na farko ya danna maɓalli yana shiga fili ya tashi, agogon ya ba shi kilomita 4.19. A karo na biyu ya tsaya a sarari na minti biyu har na'urar ta kama taurarin sosai, ta ba shi 4.06. Taurarin GPS suna shawagi ne a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, agogon yana bukatar aƙalla huɗu kafin ya san inda yake, kuma dogayen gine-gine da inuwar manyan itatuwa irin na tsofaffin unguwannin Turawa suna karkatar da siginar. Bambancin kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ba abin tayar da hankali ba ne. Wanda ya kamata a daina kallo shi ne saurin da agogo yake nunawa na daƙiƙar da ake ciki, domin yana tsalle sama da ƙasa, kuma Malam ya saba ƙara wuta duk lokacin da ya ga lambar ta faɗi. Muka sauya fuskar agogon ta koma nuna matsakaicin saurin kowace kilomita.

Sauran ƙorafe-ƙorafensa ƙanana ne. Agogon yana ƙin yin caji, har ya fara tunanin kai shi wurin masu gyara, da muka juya bayansa sai muka ga gishirin gumi da ƙurar hunturu sun toshe 'yan ƙarafunan cajin. Tsohon buroshin haƙori da ɗigon sifirit suka warware matsalar, da sharaɗin ya riƙa ɗauraye shi da ruwa ya goge bayan kowane gudu. Yana kuma ƙin tura bayanai zuwa waya, ashe tsarin tattalin batir na wayar ne yake kashe manhajar agogon idan an rufe ta. Wannan ma yana da alaƙa da jinkirin kama taurari, saboda ta hanyar wayar ne agogon yake karɓar bayanin inda taurarin za su kasance a kwanaki masu zuwa.

Gwiwar

Ciwon yana gaba ne, a kewayen ƙoƙon gwiwa da ƙarƙashinsa, ba ya iya nuna wurin da yatsa ɗaya sai dai ya dafa da tafin hannu. Ya fi tsananta idan yana saukowa daga benen ofis, ko ya daɗe a zaune cikin mota a cunkoson Kawo, ko kuma wajen tasowa daga sujada. Wannan na ƙarshe shi ne ya karya masa zuciya, domin ya gaya mini da ƙaramar murya cewa a sallar Juma'ar da ta wuce sai da ya dafa ƙasa da hannu biyu kafin ya miƙe, yaron da ke gefensa har ya kai hannu zai taimake shi. Sai a lokacin ya kuma amsa cewa kusan mako biyu ke nan yana haɗiyar ƙwayar rage zafi kafin ya fita gudu. Na ce ya daina tun daga ranar. Irin waɗannan ƙwayoyi, su ibuprofen da diclofenac, suna rufe bakin ciwon da yake gargaɗin mutum, suna kuma iya cutar da ƙoda da ciki, musamman ga wanda yake zubar da gumi kuma jininsa ya fara hawa.

Na nace ya ga likitan gashin ƙashi kafin mu tsara komai, kuma na hana shi zuwa wurin mai ɗori da wani maƙwabcinsa ya ba shi shawara, tunda babu karaya babu gocewa. Likitar da ta duba shi ba ta sami kumburi ba, gwiwar ba ta sarƙewa kuma ba ta sakin jiki, don haka ta ce ciwon ƙoƙon gwiwa ne irin wanda ya fi addabar masu gudu, ba ya bukatar hoto ko tiyata a matakin da yake. Ta sa shi ya tsaya da ƙafa ɗaya a gaban madubi ya ɗan tsuguna. A ƙafar hagu ya yi daidai. A ta dama ƙugunsa ya zube gefe, gwiwar ta faɗa ciki kamar za ta gaishe da 'yar'uwarta. Ta ce ya ɗaga dunduniya da ƙafa ɗaya, ya yi sau tara sha-raɓarsa ta ƙi.

Idan aka haɗa wannan da littafin gudunsa, babu wani abin mamaki. Bugun zuciyar da aka rubuta a makonnin nan ba abin dogaro ba ne, amma saurin yana nan: daga minti 6 da daƙiƙa 50 a kilomita ya koma minti 5 da daƙiƙa 45, kuma kowace rana haka, babu ranar sauƙi ko ɗaya. Masu horarwa suna da wata ƙa'ida ta kada a ƙara nisan gudu da fiye da kashi goma cikin ɗari a mako. Ba wahayi ba ce, amma da ya bi ta, da kilomita 32 zai kai a mako na biyar maimakon 45, kuma da ba zai haɗa ƙarin nisa da ƙarin sauri a lokaci guda ba. A kowane taku na gudu ƙafa tana karɓar ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki, wato ga mai kilo 84 tsakanin kilo 170 da 250, kuma a awa ɗaya kowace ƙafarsa tana taka ƙasa fiye da sau 4,700. Zuciya da huhu suna sabawa da sabon aiki cikin makonni kaɗan, amma jijiyoyi da guringuntsi da ƙashi watanni suke bukata, shi ya sa mutum yakan ji numfashinsa yana ba shi izinin abin da gwiwarsa ba ta shirya ba. Akwai kuma wani ƙaramin abu da na lura da shi da na bi shi hanyarsa: kullum a gefe ɗaya na kwalta yake gudu, inda titi ya karkata zuwa kwata, saboda tsoron masu Keke Napep cikin duhu. Tsoron yana kan hanya, amma ƙafa ɗaya ce take ɗaukar karkatar kowace safiya.

Tsarin da aka bi

Ba mu hana shi gudu gaba ɗaya ba sai na kwana goma na farko, wanda ya cike da tafiyar ƙafa mai sauri. Bayan haka ya dawo sau uku a mako a ƙasa mai laushi ta cikin fili, minti biyu sassarfa minti ɗaya tafiya, na tsawon minti ashirin da biyar, da sharaɗin da likitar ta gindaya: idan aka auna ciwo daga ɗaya zuwa goma, kada ya wuce uku a lokacin gudu, kuma ya koma yadda yake kafin wayewar gari. Ma'aunin sauri da na ba shi ba ya bukatar batir, shi ne ya iya faɗin cikakkiyar jimla ba tare da ya yanke ta don numfashi ba. Mako huɗu na farko na ce ya rufe fuskar agogon da hannun riga, ya bar shi ya yi ta rubutu, a duba bayan an gama. Wannan ya fi komai yi masa wuya, kuma na sha ganinsa yana kai hannu zai ja rigar sai ya tuna ya fasa. Masanin nan Stephen Seiler, da ya nazarci atisayen manyan 'yan wasan juriya, ya lura cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na aikinsu a sauƙaƙe suke yinsa. Na gaya wa Malam cewa idan waɗanda gudu ne abincinsu ba sa jin kunyar tafiya a hankali, ma'aikacin ofis mai 'ya'ya huɗu ba shi da dalilin jin ta. Mun kuma ɗan gajarta takunsa, adadin ya tashi daga 158 zuwa kimanin 166 a minti, domin ƙarin kashi biyar zuwa goma cikin ɗari a yawan taku yana rage nauyin da yake sauka a gwiwa. A nan agogon ya yi amfani ƙwarai, tunda ƙirga taku aiki ne da ya iya.

Aikin ƙarfi shi ne ginshiƙin gyaran, kuma ba mu kai shi gidan motsa jiki ba, a tsakar gidansa aka yi komai, Litinin da Alhamis, minti talatin. Yana tsugunawa har mazaunansa su taɓa kujera ya miƙe. Yana hawa dakalin ƙofar gida da ƙafa ɗaya, ya sauko a hankali yana ƙirga uku, idonsa a kan gwiwa kada ta faɗa ciki. Yana kwanciya rigingine ya ɗaga ƙugu, da farko da ƙafa biyu, daga baya da ɗaya. Yana kwanciya a gefe ya ɗaga ƙafar sama domin tsokar gefen ƙugu, wadda ita ce ta gaza a gaban madubi. Sa'an nan ɗaga dunduniya a bakin matakala domin sha-raɓa da agara. Kowanne zagaye uku, sau takwas zuwa goma sha biyu. Abin da nake so mai karatu ya riƙe a nan shi ne ƙarin nauyi, domin tsoka ba ta ƙaruwa da abin da ta riga ta saba da shi, kuma mutane da yawa sukan yi wata shida suna maimaita abu ɗaya su ce bai yi musu aiki ba. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, saboda haka jarka ta zama ƙarfenmu. Ya fara da galan mai lita huɗu a ƙirji, ya koma jarka mai lita goma, a wata na uku yana tsugunawa da mai lita ashirin a rungume. Uwargidansa ce take ƙara ruwan kowane mako biyu, ta kuma ja layi da alli a jikin jarkar, kuma ya ce ba ta taɓa yi masa rangwamen ko kofi ɗaya ba. Wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje da dama, wanda Lauersen da abokan aikinsa suka wallafa a 2014, ya nuna cewa aikin ƙarfi ya rage raunukan wasanni zuwa ƙasa da kashi ɗaya bisa uku. Galibin waɗanda aka gwada 'yan ƙwallo ne da sojoji, don haka ba zan ce adadin ya hau kan mai sassarfa daidai wa daida ba, amma abin da na gani a shekaruna na fili bai saɓa masa ba.

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris, cikin zafin bazara, sai agogon ya sake fara cewa ƙarfinsa yana raguwa. A wannan karo bugun da yake nunawa gaskiya ne, ɗamarar ta tabbatar, domin a cikin zafi da ƙarancin ruwa jiki yana tura jini mai yawa zuwa fata don ya huce, zuciya kuma tana ƙara bugu kafin ta riƙe saurin da ta saba. Fassarar ce ba daidai ba. Agogon bai san ana azumi ba, kamar yadda bai san dalilin da ya sa barcin mai tashi sahur yake rarrabuwa ba, yana ta ba shi maki mara kyau kowace safiya. Malam ya so ya riƙa gudu da yamma kafin shan ruwa kamar yadda wasu matasanmu suke yi, ni kuwa ban goyi bayan haka ga mai shekarunsa da yanayin jininsa ba. Muka mayar da gudun sau biyu a mako, minti talatin, bayan tarawihi, aikin jarka kuma ya ci gaba, ya riƙa cire agogon idan zai kwanta.

An sami koma baya sau ɗaya, kuma wajibi ne in faɗe shi. Mako biyu bayan ƙaramar sallah, da ya ji gwiwar ta yi shiru, ya bi matasa gudun kilomita 14 ba tare da ya gaya mini ba, alhali mafi tsawon da ya yi tun Janairu kilomita bakwai ne. Washegari ciwon ya dawo, ya kira ni cikin damuwa yana cewa aikin wata uku ya rushe. Bai rushe ba. Kwana shida ya ɗauka ya lafa, inda a Janairu ya ɗauki makonni, kuma wannan bambanci shi ne amfanin jarkar. Amma ya nuna mini cewa tun farko ba agogon kaɗai ne yake tura shi ba, akwai zauren WhatsApp da son kada a bar shi a baya, kuma da ya kamata in yi magana da shi a kan wannan tun a watan Janairu. Daga baya muka yi shawara a ƙungiya aka koma tura hoton gudu ranar Asabar kawai.

A ƙarshen watan Yuni, da damina ta sanyaya gari, Malam yana gudu sau huɗu a mako, kimanin kilomita 30, uku a sauƙaƙe ɗaya mai ɗan zafi, da kwana biyu na aikin ƙarfi. Yana ɗaga dunduniya sau 22 da ƙafar dama. Nauyinsa ya sauka zuwa kilo 80, likitansa ya ce jinin ya daidaita, a ci gaba da aunawa. Ranar wata Asabar muka auna masa kilomita goma a filin wasa, zagaye ashirin da biyar a layin ciki, ya gama a minti 57 da 'yan daƙiƙu, agogonsa ya rubuta kilomita 10.14. Lambar ƙarfin jikin ta koma 45 tun da muka saka 191 a matsayin iyakar bugunsa. Gwiwar ba ta warke sarai ba, har yanzu takan yi masa magana idan ya yi doguwar tafiya a mota zuwa Zariya ko Abuja, ko ya tsallake aikin jarka na mako guda, amma yana tasowa daga sujada ba tare da dafa ƙasa ba. Yana son ya gwada rabin fanfalaki, kilomita 21.1, kuma mun yi yarjejeniya cewa ba za mu sa rana ba sai ya yi wata uku a jere yana kammala kilomita 15 ranar Asabar ba tare da ciwon ya kwana ba.